Ƙafar Yayarsa a Kan Cinyata

Ku da kuke bibiyata, yau ku yi haƙuri da ni, babu wasa a bakina. Ina rubuta wannan yatsuna suna warin maganin goge jan farce, idanuna kuma sun yi luhu-luhu kamar na wadda ta kwana yankan albasa. Wanda bai san ni ba, ga ni a taƙaice: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da biyu, ina koyon gyaran farce a wata makarantar kwalliya da ke saman bene, kan shagon masu sayar da tayal. Eh, gyaran farce. Na hannu da na ƙafa. Ku yatsina fuskar ku gama, na riga na saba.

Da kin hau matakalar makarantarmu, wari ne zai fara yi miki sannu da zuwa: gam, hodar farcen roba, da ƙaurin gashi daga ɓangaren masu gyaran kai. Mu 'yan farce an tura mu can ƙurya, kusa da taga, saboda ƙura. Ƙananan tebura a jere, kowanne da fitilar busar da farce, da hannun roba da aka maƙale a bakinsa. A kan hannun roban nan muka yi watannin farko, muna liƙawa muna cirewa, muna gogewa har kafaɗa ta riƙe. Ƙawata, wadda kowa ke kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa, ta raɗa wa nata suna Mijina. Wai shi kaɗai ne namijin da ya taɓa ba ta hannu bai nemi komai ba.

Mai makarantar kuwa Madam muke ce mata. Doguwa ce, tabarau a ƙarshen hanci, ba ta ɗaga murya amma kowa tsoronta yake. Dokarta ba ta canzawa: farar riga mai maɓalli har gwiwa, safar hannu, gashi a rufe, takunkumi a fuska.

“Ƙurar farce ba ta san kyakkyawa ba,” haka take cewa kullum. “Wadda ta cire takunkumi a ajina ta sauka ƙasa ta taya su sayar da tayal.”

In kin gama aiki sai ta zo ta shafa babban yatsanta a kai, ta ɗaga hannun sama ta kalla ta gefe.

“Wannan farce ne ko cokali? Cire ki sake.”

Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa a gidanmu ba: ina son aikin nan. Ba don na rasa abin yi na shige shi ba. Mace za ta shigo tana ɓoye hannu a cikin mayafi, sabulu ya cinye mata yatsu, farce duk ya tsage. Ki jiƙa, ki yanke, ki daidaita baki, ki tura fatar gindin farcen a hankali, ki shafa mai. In ta tashi tafiya sai ki ga tana magana hannu a sama, ko sallama ma da yatsu biyar take yi. Wannan abin ne yake sa ni tashi da safe.

Amma Ummata ba ta taɓa furta sunan sana'ar da bakinta ba. In maƙwabta suka tambaya sai ta ce, “Auta ai kwas take yi.” In aka matsa, kwas ɗin me, ta ce, “Fannin tsafta ne.” Abbanmu direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya a kan gida, don haka duk abin da Umma ta yanke shi ne.

To, sai Injiniya.

A makarantar muka haɗu. Kamfaninsu ne ya zo sa wa benen wutar sola, shi yake tsaye kan masu aikin. Na fito zubar da ruwan baho, farar rigata a jiki, takunkumi a ƙasan haɓa, muka yi kiciɓis a matakala. Ya matsa gefe yana murmushi.

“Sannu Nas. Allura nawa aka yi yau?”

Na ce, “Ruwan wankin ƙafa ne, ka kauce kada ya taɓa maka takalmi.”

Ku riƙe wannan: da bahon a hannuna ya fara ganina. Ban ɓoye masa komai ba, ban taɓa ba. Sunan Nas kuma ya bi ni tun daga ranar. “Nas ɗita, kin tashi lafiya?” “Nas ɗita, yau ciwon kewarki ya motsa, akwai magani?” Ni kuma in kife waya a ƙirji ina dariya ni kaɗai kamar sabuwar kamu. Wata rana ya ce in tsaya a matakalar nan ya ɗauke ni hoto, wai farin yana haska ni. Na tsaya, na gyara wuyan riga, na yi masa murmushin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Akwai alamu, ba zan ce babu ba. In na tura masa hoton aikina, farcen da na ɓata yini ina zana wa ƙananan furanni, sai ya aiko da hoton babban yatsa kawai, ya canza zance. In ya zo ɗaukata ba ya tsayawa a ƙofar benen, sai can gaba wajen mai faci. In na ce bayan na gama ina so in buɗe ɗan shagona, ya ce, “Ke da za ki huta? Matata ba ta wahala.” Ni kuma na ɗauka so ne.

Ranar Juma'a saƙonsa ya shigo:

“Nas ɗita, albishir. Jibi Mama da Anti Babba za su zo gaida Umma. Ki yi kyau sosai. Amma don Allah kada ki cika magana, ki bar Umma ta amsa komai. Su mutanen da ne, suna son mace mai kunya.”

Na amsa da zuciyoyi jajaye har layi biyu. Anti Babba ita ce yayarsa, wadda ta riƙe karatunsa, wadda ya ce in ta ce eh to gidan gaba ɗaya ya ce eh. Ban taɓa ganinta ba.

Asabar ita ce ranar da ake buɗe wa mutanen waje ƙofa, mu ɗalibai mu yi musu aiki Madam tana zagayawa. Da hantsi wata mata ta shigo. Turarenta ya riga ta hawa matakala. Leshi ruwan toka mai duwatsu, mayafi a kafaɗa ɗaya, zobba a yatsu uku, waya biyu da makullin mota a hannu guda. Ta tsaya tana kallon ɗakin kamar wadda ta taka wani abu.

“Inda na saba zuwa sun cika, kuma sauri nake. Akwai wadda ba za ta yanke min yatsa ba a nan?”

Madam ta waiwayo ta nuna ni da haɓa. Har cikin raina na ji daɗi, don ba kowa take bai wa irin waɗannan ba.

Na haɗa ruwa mai ɗumi, na zuba gishiri da sabulu, na shimfiɗa tawul a cinyata. Matar ta zauna a doguwar kujera, ta miƙo ƙafa ba tare da ta dube ni ba. Mun saba. Mai takunkumi da ke zaune a ƙasa ba mutum ba ce a idon wasu, hannu ce kawai. Dugaduganta sun yi kaushi, gefen farcen babban yatsa ya fara shiga nama. Na sa dutse na fara gogewa a hankali.

Madam ta jawo kujera kusa da ita, kamar yadda take yi wa manyan baƙi.

“Biki ake yi ne?”

“Tukuna dai,” in ji matar. “Gobe za mu je ganin yarinyar da ƙanina ya samo. Injiniya ne, yana harkar sola. Shi kaɗai ne namiji a gidanmu, kin ga dole a sa ido.”

Dutsen ya tsaya a hannuna. Na ce a raina, injiniyoyi ai da yawa suke, masu sola ma sun cika gari. Na ci gaba.

“Da ya fara zancen hankalina ya tashi,” ta ci gaba tana latsa waya. “Kin san yaran yanzu, sai su kwaso miki wadda ba ta da kan gado. Ko irin waɗannan.” Ta motsa yatsun ƙafarta a cikin tafina, da su ta nuna ni. “Ba raina sana'a nake ba fa, kowa da inda Allah ya ajiye shi. Amma a ce matar ƙanina tana durƙushe tana kankare dattin ƙafar mutane, sannan ta dawo ta dafa wa uwata abinci da hannun? Haba. Sai ga shi ya yi hankali. Nas ce, tana gab da gamawa. Bari ki ga.”

Ta miƙa wa Madam wayar. Madam ta gyara tabarau. Ta daɗe tana kallo, ta daɗe ƙwarai. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

“Rigar ta yi mata kyau,” abin da ta ce ke nan.

“Ai kuwa! Ke ma duba,” matar ta sauko da wayar daidai fuskata, “ki ga yadda karatu yake gyara mace.”

Ni ce.

Ni ce a matakalarmu, da farar rigar da ke jikina a wannan lokacin, da murmushin nan. An yanke hoton ta sama, allon makarantar mai zanen almakashi da jan farce ya fita. An yanke shi ta gefe, kwalayen tayal sun fita. Saura ni da farin bango, kamar a barandar asibiti. Wani ya zauna, ya sa yatsu biyu, ya gyara ni har na dace da gidansu.

“Kyakkyawa ce ko?” ta tambaya.

Na gyaɗa kai. Takunkumin ya jiƙe ta ciki, ban sani ba gumi ne ko mene ne.

Kuna jira in ce na watsa mata ruwan bahon, ko na fizge takunkumi na yi ihu. Ban yi ba. Ƙafarta tana kan cinyata, abin yanka yana hannuna, kuma Madam ta koya mana cewa hannun da ke rawa ba ya taɓa fatar mutum. Na ja numfashi har hannun ya tsaya. Na ciro gefen farcen da ya shiga nama ba ta ko motsa ba. Na goge, na daidaita, na yi shafin farko, na bi da ja mai duhu irin wanda ta zaɓa, na sa a fitila, na rufe da mai sheƙi. Wallahi tunda na fara koyo ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma wannan ma wani baƙin cikin ne.

Ta ɗaga ƙafar tana juyawa.

“Kai! Yarinyar nan hannunki yana da kyau. Ba ki da magana, kuma haka nake so. Ba ni lambarki.”

“Sai ta hannun makaranta,” Madam ta tare da sauri.

Da ta fita, na shige ɗakin ajiyar tawul na rufe ƙofa. Rediyo ta biyo ni, ta ji komai daga teburinta, karo na farko a tarihi ta rasa abin cewa. Sai da ta ga na zame ƙasa sannan bakin ya dawo.

“Ba ni adireshin ofis ɗinsu. Wallahi sai na liƙa masa farcen roba a goshi da gam mai ƙarfi, ya je ya ce musu likita ne ya sa masa.”

Ko murmushi ban iya ba. Madam ta turo ƙofa ta tsaya a kanmu.

“Wanke fuskarki, akwai wata tana jira.” Ta juya za ta fita, sai ta tsaya. “Ba zan gaya miki abin da za ki yi ba, ba 'yata ba ce ke. Amma rigar nan ni na ba da ɗinkinta, kuma ba don asibiti na ɗinka ba.”

Da aka ba mu hutun cin abinci na sauka bayan benen na kira shi. Ya ɗauka da fara'a.

“Nas ɗita!”

“Yayarka ta zo makarantarmu. Ni na yi mata ƙafa.”

Ina jin ƙarar injin huda bango a bayansa.

“Ta gane ki?”

'Yan uwa, wannan ce tambayarsa ta farko. Ba me ta ce miki ba. Ba ya kike ji ba.

“Da takunkumi a fuskata.”

“Alhamdulillahi,” ya sauke ajiyar zuciya har ina ji. “Kai, kin tsorata ni. To ba komai, gobe ki yi kwalliya sosai, ba za ta haɗa ba.”

“Ka ce musu ni nas ce.”

“Saurara mana. Ke ba ki san Anti ba. Da na faɗi gaskiya ko sunanki ba za ta bari a sake ambata ba. Don ke na yi. Ana ɗaura aure sai mu ce na hana ki aiki, shi ke nan magana ta mutu. Wa zai tambayi takarda?”

“Makarantar fa? Saura kaɗan in gama.”

“Ki gama ki yi me da shi? Ni fa ina son ki duk da haka.”

Duk da haka. Na maimaita kalmomin a bakina, suna da ɗaci kamar na tauna ƙwayar magani.

“Bari in gaya wa Umma abin da ka yi.”

Ya yi 'yar dariya, irin ta mai lallashin yaro.

“Ai Umma ta sani. Tare muka tsara.”

Ban san yadda na ƙarasa yinin ba. Na yi wa wata tsohuwa hannu, na wanke kayan aiki na sa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, na hau bas na sauka.

Na tarar da gidanmu kamar ba namu ba. An wanke labule, an ja kujeru an share bayansu, an fito da kofunan gilas da ba a taɓa sai baƙo na musamman. Umma tana tsakar ɗaki tana guga, ta shimfiɗa doguwar rigata shuɗiya mai aiki a wuya. Na duba kan durowa inda akwatin kayan aikina yake zama. Babu shi. An ɗora furen roba a wurin.

“Umma, ina akwatina?”

“Yana ƙarƙashin gadona. In baƙi sun tafi kya ɗauka.” Ba ta ɗago ba.

“Da gaske ne kin san ya ce musu ni nas ce?”

Ta kafa dutsen gugar a tsaye. Ta dube ni babu ko alamar kunya.

“Na sani. Ni na ce masa ya ƙara da cewa kin kusa gamawa.”

“Umma!”

“Kada ki yi min Umma. Zauna.” Ta miƙo min hannayenta biyu, ta juya su. Gaɓoɓin sun kumbura, fatar ta yi fari-fari, faratan sun lanƙwashe tun ina ƙarama. “Kin ga wannan? Tun kafin a haife ki nake wanki da guga a gidajen mutane. Na san yadda ake miƙo wa mutum kaya da ƙafa. Na san kofin da ake ware wa mai aiki. Matar gida sa'ar ƙanwata ta kira ni ke, in amsa da na'am. Na yi ne don 'ya'yana su zauna a kan kujera. Sai ga autata, da hankalinta, ta je ta nemi makarantar da za a koya mata zama a ƙasa.”

“Sana'a ce, Umma. Ina son ta.”

“Ni ma haka nake cewa in an tambaye ni.” Ta ɗauki dutsen ta ci gaba. “Yaro mai mutunci ya zo, zai ɗaga ki. Kalma ɗaya ce kawai. Ba sata kika yi ba, ba ki kashe kowa ba. Gobe ki gaishe su, ki sunkuyar da kai, ki bar min sauran. In kika kunyata ni, Auta, ban san da wane ido zan sake kallonki ba.”

Duk wanda ya ga hannun nan bakinsa zai mutu. Na shiga ɗaki na kwanta da rigar makaranta a jikina.

Lahadi bayan azahar suka iso. Na sa shuɗiyar rigar, na yafa farin mayafi, hoda kaɗan, kwalli, 'yan kunnen Umma na ajiya. Faratana kuwa Umma ta sa na yanke su ƙasa, babu ko mai sheƙi, wai nas ba ta tara farce. Ta taga na hango motarsa a bakin layi. Bai shigo ba, yana ciki yana jira.

Na shiga falo da tiren lemo na durƙusa. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne yatsun Anti Babba a cikin buɗaɗɗen takalmi, ja mai duhu, suna sheƙi, ko ƙwarzane babu.

“Masha Allah,” in ji ta. “Ta ma fi hoton kyau. Mama, kin gani?”

Mamansa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, fuska a sake, carbi a hannu. Ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita a kan kujera. Tafinta da laushi, da ɗumi. Da ta kasance mai izza irin 'yarta, wataƙila da na iya yi mata ƙarya.

“A wane asibiti kike koyon aikin, 'yata?”

“Ai yawo ake yi da su,” Umma ta cafe. “Yau nan, gobe can. Ku sha lemo mana.”

Aka yi dariya, aka taɓa hirar zafi da tsadar kaya. Ni kaina a ƙasa. Na fara tunanin ashe abin da sauƙi. Shiru ne kawai. In na daure kaɗan za su tashi, in zama matar Injiniya, in zauna a kan kujera har ƙarshen rayuwata.

Sai Mama ta jawo jakarta ta fito da wata farar leda, ta zazzage a cinyata. Magunguna ne, kwali-kwali, wasu an yanke, wasu rubutun ya goge.

“Tunda Allah ya kawo min ke, na huta. Likita ya canza min na hawan jini, na haɗa su da tsofaffin, yanzu na rasa wanne ne wanne. Jiya da na sha wannan jiri ya ɗebe ni har na riƙe bango. Duba min, 'yata, wanne zan sha da safe, wanne zan bari? Abin da kika ce shi zan yi.”

Na kalli ƙwayoyin. Fari, ruwan hoda, rawaya. Ban san ko ɗaya ba. Na ɗago na kalli Umma, ta ƙifta min ido, ta ɗan gyaɗa kai: zaɓi ɗaya, ko ki ce sai kin duba littafi, faɗi wani abu. Tsohuwar kuma tana kallona da yarda, baki a ɗan buɗe, tana jira.

Na tattara magungunan na mayar cikin ledar, na ɗaure, na sa mata a hannu.

“Mama, ki koma wa likitan da su gobe, kada ki sake shan ko ɗaya sai ya gani. Ni ba nas ba ce. Ban taɓa shiga ajin jinya ba.”

“Wasa take yi!” Umma ta yi wata dariya da ban taɓa jin irinta ba. “Auta akwai barkwanci.”

“Gyaran farce nake koyo,” na ce. “A makarantar da ke saman shagon tayal. Ni na yi wa Anti ƙafarta jiya.”

Anti Babba ta zuba min ido, daga goshi zuwa gira, tana rufe rabin fuskata a ranta. Na ga lokacin da ta gane. A hankali ta ja ƙafafunta ta shigar da su ƙarƙashin leshinta.

“Kina zaune ina magana, kika yi shiru?”

“Ba ki tambaye ni ba, Anti. Ƙafa kika miƙo min.”

Ta miƙe tsaye. “Mama, tashi mu tafi.”

Tsohuwar ta daɗe kafin ta tashi. Ta dubi ledar, ta dube ni, sai 'yarta ta kama ta ta yi gaba. Umma ta bi su har ƙofa tana, “Ku tsaya a yi magana, don Allah ku tsaya, yarinta ce.” Na tsaya a taga. Na ga Anti ta buɗe mota tana magana da hannu, na ga Injiniya ya juyo ya kalli gidanmu. Na ce yanzu zai fito. Ko don ya zage ni, zai fito. Ya tayar da mota.

Umma ta dawo. Ta kwashe lemon da ba a sha ba ta juye a jug, ta wanke kofunan ɗaya bayan ɗaya ta mayar inda suke. Sannan ta shiga ɗakinta, na ji tana jan abu a ƙasa. Ta fito da akwatina ta dire a gabana.

“Ɗauki. Tunda shi kika zaɓa, shi zai rufa miki asiri.”

Tun daga nan ba ta sake ce min uffan ba. Na gaishe ta yau da safe, ta amsa wa bango.

A ranar Lahadin, kafin magariba, saƙonninsa suka fara shigowa.

“Ɗan shiru kaɗan ya gagare ki.”

“Kin tozarta ni a gaban uwata.”

“Na so in ɗaga ki, kin nuna min ƙasan kike so.”

Na karanta, ban amsa ba. Na shiga wajen sunansa na goge Injiniyana da zuciyar da ke gefe, na bar lambar tsirara. Ina cikin haka wani saƙo ya faɗo daga lambar da ban sani ba.

“Anti Babba ce. Maganar ƙanina ki cire ta a ranki, an rufe. Amma ni ba na haɗa harka da harka. Ranar Asabar ina da taro, ki zo gida da kayan aikinki ki yi min hannu, har da ƙawayena biyu. Ki shigo ta ƙofar baya, mai gadi zai nuna miki.”

Na karanta har haruffan suka narke. Na yi kuka, na yi dariya, na tura wa Rediyo, ta kira tana zagi tun daga kakannin sola har jikokinta. Ban amsa saƙon ba har yanzu. Yana nan a buɗe, ɗan layin rubutu yana ƙifta min ido.

Amma tunda na yi muku alkawarin ba zan ɓoye komai ba, ga abin da ya fi ƙona min rai. Ina tsakiyar kukan nan, hanci yana zuba, na kama kaina ina tuna yatsun hannunta masu zobba uku, gajeru, masu faɗin farce, ina cewa a raina: ja ba zai karɓe su ba, ruwan ƙasa mai haske ya kamata.